Robar injin casa da sandunan murhu: abin da na gani a wani shago a Gombe

Baffana ne ya kafa injin casar da nake riƙe da shi yanzu, a gefen hanyar Biu kafin a kai Kwadon. Shi da tsohon injin ƙarfe irin na Engelberg ya fara, wanda ke murje shanshera tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ya fitar da buntu da dusa a cakuɗe, tsaki kuwa ba a magana. Da ƙarfinsa ya ja baya ya miƙa mini makullai, abin da na fara yi shi ne sayo injin da ke ɓare shinkafa da roba, na kuma gina murhu mai cin buntu don tukunyar tururi. Tun daga nan abu biyu suka hana ni barci: robar injin, da sandunan da ke ƙarƙashin wuta. Abokan sana'a sun sha tambayata inda nake saye yanzu, har a wajen ɗaurin aure, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin da na gani cikin shekara ɗaya da rabi, mai daɗi da marar daɗi.

Shagon yana cikin garin Gombe, ba nisa da Tudun Hatsi. Ba zan kama suna ba tunda ban nemi izinin mai shi ba, kuma akwai ƙorafi a maganata. Ƙofa biyu ne da ɗan sito a baya. Ba shi da wani kyan gani: bel-bel a rataye, kwalayen boris, rariyar injin goge shinkafa, fallayen ƙarfe a jingine da bango. Mai shi dattijo ne, kowa Alhaji yake ce masa.

Ranar da na fara zuwa tsakiyar kaka ce, shinkafar Dadin Kowa tana ta shigowa, ni kuma na canza roba sau uku cikin kwana goma sha biyu. Na shiga da tsohuwar a hannu, raina a ɓace, na ce a ba ni irinta inci 10. Alhaji bai miƙe ba. Ya karɓe ta ya jinjina nauyinta, ya sa farcen babban yatsa ya karce gefen da ya cinye, wani farin gari ya biyo farcen. Ya murza shi ya nuna mini.

"Ƙanena, a ina ka samo wannan?"

Na faɗa masa an kawo mini ne da sauƙin kuɗi.

"To alli aka sayar maka da ɗan ƙaro a jiki. Buhu nawa take yi maka?"

Na ce tsakanin ɗari uku da ɗari huɗu. Ya ce in zauna.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin injin ba, robobi biyu ne masu girma ɗaya suna fuskantar juna, suna juyawa zuwa ciki, amma ɗaya ta fi 'yar'uwarta gudu da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Idan ƙwayar shanshera ta faɗo tsakaninsu, wannan ta ja ɓawon gaba, waccan ta riƙe shi, sai ya tsage, ƙwayar ta fice ba ta karye ba. Shi kuwa buntu ba abu ne mai laushi ba, duk wanda ya taɓa kwana da ƙaiƙayinsa a wuya ya sani. Cike yake da silika, sinadarin nan na yashi da gilashi. Ke nan robar wuni take ana goga mata samfefa, tana kuma ɗaukar zafi. Idan abin da aka cusa a cikinta ba mai riƙewa ba ne, zubewa za ta yi.

Na yi difloma a fannin injiniyan injuna a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, kuma an koya mana wannan, amma sai da na ga garin nan a yatsan Alhaji karatun ya dawo mini. Ɗanyen ƙaron roba shi kaɗai ba ya aiki, da ya ji zafi sai ya yi danƙo. Charles Goodyear a Amurka ne ya gano a 1839 cewa in an dafa shi da farar wuta yana tsayawa, ya kuma sami rajistar mallakar dabarar a 1844. Duk da haka tayoyin farko farare ne kuma ba sa daɗewa. Sai wajen 1910 zuwa sama masu yin taya suka koma cusa baƙin kabon, wani gari mai laushi kamar kunkunniyar rufin kicin, wanda ƙwayoyinsa ƙanana ke kama jikin roba su ƙara mata juriya ninkin-ba-ninkin. Dalilin baƙin taya ke nan har yau. Mu masu shinkafa ba mu son baƙar roba saboda tana iya dusashe hasken ƙwaya, don haka ake yi mana fara, a cusa mata garin silika mai matuƙar laushi tare da wani sinadari da ke ɗaure silikar da robar. Irin wannan haɗin ne kamfanin Michelin ya shigar cikin tayoyin mota a 1992 don rage shan mai. To ba a nan gizo ke saƙar ba. Alli da farar ƙasa su ma farare ne, suna da araha sosai, suna cika roba su sa ta yi tauri, amma ba sa ɗaure ta. A ido ba ka rabe su.

Alhaji yana da ɗan ma'aunin tauri mai kama da agogon aljihu, da allura a ƙasa. Ya danna a kan sabuwar robarsa, allurar ta tsaya wajen 90 a ma'aunin Shore A. Ya danna a kan tawa, ita ma ta kai kusan nan. Na ce to ai ɗaya ne. Ya ce shi ma abin da yake so in gani ke nan, tauri kaɗai ba ya nuna inganci, duk wanda ya ce maka "danna ka ji" bai gaya maka komai ba. Wannan ne ya sa na yarda da mutumin. Ma'aunin yana hannunsa, da ya so da shi zai rufe mini baki, amma ya nuna mini iyakarsa.

Kuɗin tasa ya kusa ninka na wadda nake saye. Na ɗauki guda biyu kawai, na ce gani ya kori ji. Ya ce in riƙa rubuta buhunan, ya kuma ba ni sharuɗɗa uku da bakinsa: kada shanshera ta shiga sai ta bi ta injin tsince tsakuwa, in riƙa musanya wa robobin wuri saboda mai gudun ta fi cinyewa, in kuma na ɗora hannu na ji zafin ya fi ƙarfin tafina in tsayar da injin ta huce.

Ga abin da littafina ya nuna. Biyun farko sun ɓare buhu 940, yawancinta irin shinkafar nan FARO 44 turararriya. Na biyu sun haura 1,000. Mafi ƙaranci da na samu shi ne 780, kuma wannan makon shinkafar wani ɗan kasuwa ce da aka shanya a bakin titi, yashi ya yi mata yawa. Wato kuɗi ninki biyu, aiki kusan ninki uku. Amma ni ba ma wannan ya fi burge ni ba. Yadda take cinyewa ne. Mai allin nan takan yi kwari-kwari a tsakiya, sai rata ta buɗe a wani wuri ta matse a wani, shanshera ta riƙa wucewa ba a ɓare ba, yaro ya ƙara matse injin, ƙwaya ta riƙa karyewa. Ta Alhaji tana sauka ne bai ɗaya, sumul, har ta kusa kaiwa ganga. Matan da ke kawo mini aiki daga Kumo da Deba su suka fara lura, wata ta ce mini, "Malam, ka canza inji ne? Tsakin ya ragu." Gangar cikin kuma ta alminiyam ce, ba ta riƙe zafi kamar ta kas, wato ƙarfen zubi.

Sau ɗaya ta ba ni kunya. A watan Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kan ganiyarsa, wata sabuwa fil ta saki daga jikin gangarta a rana ta biyu, ta ɓare kamar ɓawon ayaba da ƙara mai firgitarwa. Allah ya kiyaye babu wanda ya ji rauni. Na kai masa. Da farko yaransa suka ce laifin injina ne, muka ɗan yi sa-in-sa. Da Alhaji ya dawo daga masallaci ya duba tambarin kwanan wata a gefenta, ya yi shiru, ya ce ta kwana biyu a sito. Ya ba ni wata ba tare da na ƙara sisi ba. Na gode masa, amma na faɗa masa gaskiya a gaban yaran: sitonsa rufin kwano ne ba silin, janareta kuma a bakin ƙofarsa take. Roba ba ta son zafi, ba ta son rana, ba ta son zama kusa da injin lantarki mai tartsatsi, tana tsufa ko ba a taɓa ta ba. Ya san wannan fiye da ni. Har zuwana na ƙarshe janaretar tana nan inda take. Don haka duk wanda ya je, ya duba kwanan wata da idonsa, kada ya karɓi wadda ta daɗe.

Sai maganar murhu, wadda ta fi cin raina.

Sandunan da buntu ke ci a kansu da rodi na fara yin su, na koma angil, na koma sifirin babbar mota da na sayo a wajen 'yan gwangwan. Duk kanwar ja ce. Mako shida ko bakwai sai ka ga sun lanƙwashe sun yi ciki kamar igiyar shanya, suna zubar da ɓawo baƙi-baƙi, kullum suna ƙara sirancewa. Ba abin mamaki ba ne, baƙin ƙarfe da ya kai wajen digiri 600 na Salsiyas ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, wutar buntu kuwa in iska na shigarta da kyau tana wuce 800. Wata Talata da hantsi suka rufta gaba ɗaya, alhali buhu arba'in na wata Hajiya suna jiƙe suna jiran tururi. Kafin murhu ya huce, mai walda ya zo, a sake hura wuta, shinkafar ta wuce lokacinta a ruwa, ta ɗauki wari. Ni na biya. Baffa da ya ji labari ya kira ni, bai yi faɗa ba, ya ce kawai, "Ɗana, amanar mutane ce a hannunka." Wannan kalmar ta fi mini zafi a kan kuɗin.

Washegari na koma wurin Alhaji. Ya fito da guntaye uku ya ajiye a kan benci: kas, da sitenles mai lamba 304, da wani mai lamba 310. Ya ɗauko mayen ƙarfe, ya manna wa kas ya kama, ya manna wa sauran biyun ya zame. Ya ce yawancin mutane a nan suke tsayawa, da sun ga maye bai kama ba sai su ce mai kyau ne, alhali akwai mai lamba 201 da aka rage wa nikel aka cika da manganis, shi ma maye ba ya kama shi, kuma da shi ake cika kasuwa.

Abin da ke hana irin wannan ƙarfe tsatsa da ɓawo kuromiyam ne. Da ya kai kashi 10.5 cikin ɗari, sai ya haɗu da iska ya yi wata siririyar fata a saman ƙarfen wadda ido ba ya gani, in an karce ta ta sake tsirowa. Harry Brearley na birnin Shefil a Ingila ya dace da shi a 1913, kuma abin sha'awa, yana neman ƙarfen da zai jure zafi da zaizayar cikin bututun bindiga ne, ba cokali ba. Shi 304 kashi 18 kuromiyam ne da kashi 8 nikel, na tukwane da tankunan abinci, yana jure wuta har wajen digiri 870. Shi kuwa 310 kusan kashi 25 kuromiyam ne da kashi 20 nikel, an yi shi ne don cikin tanderu, yana kaiwa sama da digiri 1,000 bai fara zubar da ɓawo ba. Nikel ɗin nan ne tsadarsa, shi ne kuma ke taimaka masa ya riƙe ƙarfinsa a cikin jan wuta.

Da na ji kuɗin 310 sai da na gyara zama. Na ce, "Alhaji, wannan ai sai in sayar da injin." A nan ya yi abin da ban taɓa ganin mai shago ya yi ba. Ya ce in zana masa murhun a bayan kwali. Na zana. Ya tambayi inda buntu ke zubowa da inda iska ke shiga, ya sa biro ya zagaye tsakiya, ya ce sanduna biyar na nan ne kawai ke shan azaba, su za a yi da 310, na gefe a sa kas ya wadatar, sai dai in gargaɗi yara kada su watsa masa ruwa yana da zafi domin tsagewa yake. Da wannan shawara ya rage wa kansa fiye da rabin cinikin. Ya kuma nuna mini takardar masana'anta, lambar da ke jikinta ita ce aka buga a kan fallen ƙarfen. Ya ce in zuciyata ba ta kwanta ba in yanki guntu in kai Jos, akwai cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa a can. Ban kai ba, wuta ce ta yi mini gwajin.

Ƙorafina a nan biyu ne, kuma ba ƙanana ba ne. Na ɗaya, kaurin da nake so babu a ƙasa, aka ce mako ɗaya daga Legas, sai da na yi mako uku ina jira, kuɗina a hannunsu, ba mai kirana sai ni in kira. Na biyu, ba wanda ya gaya mini yadda za a girka shi. Irin wannan ƙarfe ya fi baƙin ƙarfe miƙewa in ya ji zafi. Sanda mai tsawon mita ɗaya tana ƙara fiye da santimita ɗaya a cikin wuta irin tamu. Mai waldana, dattijo ne da ya san aikinsa amma bai taɓa taɓa 310 ba, ya liƙe kowace sanda gam ta kai biyu, da sandar walda ta gama-gari. A hurawa ta uku biyu suka yi baka, suka ture bulon gefe ya tsage, waldar ma ta saki. Da na koma, Alhaji ya ce ai ɗora su ake a kan gurbi a bar musu wurin numfashi, in kuma dole sai an yi walda to da sanda mai lamba 310, ko 309 in za a haɗa da baƙin ƙarfe. Na ce, "Alhaji, da ka faɗa mini tun ranar." Ya amsa cewa ya yi zaton na sani, ya ba ni haƙuri. Sandar waldar ma ba shi da ita a lokacin, sai daga Kano aka kawo. Wanda ya iya zama ya karanta zanen murhu a bayan kwali, bai kamata wannan ta wuce shi ba, ko da 'yar takarda ce a liƙa wa kowane mai saye.

Bashi kuma babu, ko na kwana ɗaya, ko ga wanda ya shekara yana saye. Rasit sai ka nema. In Alhaji ba ya nan, yaran miƙo kaya kawai suka iya, saboda haka a je da safe kafin azahar, a kuma tafi da tsohon abin da ake son canzawa.

Bayan mun miƙe sandunan muka ɗora su a gurbi yadda ya ce, yau wata goma sha ɗaya ke nan ban sake kiran mai walda a kan murhu ba. Kas ɗaya ya tsage, shi ma wani sabon yaro ne ya kashe wuta da bokiti.

Akwai wani abu da ke tsaya mini a rai duk lokacin da na zagaya bayan injin. Tulin toka ne, fari-fari da ruwan toka, ya fi tsayina. Kusan kashi ɗaya bisa biyar na nauyin shanshera buntu ne, kusan kashi ɗaya bisa biyar na buntun toka ne, tokar kuma mafi yawanta silika ce. Mata suna ɗiba su goge tukwane, sauran iska ta kwashe. Tun wajen 2015 kamfanin Goodyear yake sa silikar da aka tace daga tokar buntun shinkafa a cikin tayoyinsa. Bishiyar roba muna da ita a Edo da Delta da Kuros Riba, har da cibiyar bincikenta a Iyanomo kusa da Benin. Masana'antun taya na Michelin a Fatakwal da na Dunlop a Legas sun rufe a 2007 da 2008. Robar da nake ɗaura wa injina kuwa sai ta keto teku daga Asiya, ta sauka Legas, ta hau mota ta yi fiye da kilomita dubu kafin ta zo ta kwanta kusa da janaretar Alhaji. Na yi masa wannan maganar wata rana muna shan shayi. Ya ce ɗansa da ke karatun injiniya a jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ya taɓa ce masa in an ƙona buntu da wuta mai tsananin yawa silikar takan daskare ta koma kamar yashi, ba ta shiga roba, sai wadda aka ƙona a hankali ƙasa da digiri 700 ko kusa da haka. Ya roƙe ni in ɗebo masa daga gefen murhu inda wutar ba ta kai ta tsakiya ba. Na cika masa galan biyu na kai.

Ranar Juma'ar da ta wuce, da muka tsayar da aiki don sallah murhu ya huce, na sa hannu na zaro sanda ta tsakiya, wadda buntu ke zubowa a kanta kai tsaye. Ta yi duhu, launinta ya koma kore-kore mai baƙi. Na goge ta da tsumma, na ɗora ta a kan simintin daɓe na mirgina, ta kwanta daidai daga kai zuwa kai. Na auna kaurinta, abin da ya ragu bai kai milimita ɗaya ba. Na mayar da ita gurbinta, na kira Alhaji na ce ya ajiye mini roba shida na kakar bana, waɗanda kwanan watansu bai wuce wata uku ba, zan zo da kaina in duba.